Wahayi da Shakka a Majigi: Abin da Tarihi Ya Rubuta da Abin da Fim Ya Nuna



Akwai wani irin labari da masu shirya fina-finai suka daɗe suna komawa kansa. Yarinya ce ƙarama, 'yar talakawa, ba ta yi karatu ba, sai wata rana ta dawo gida ta ce ta ga wani abu daga sama. Uwa ta ce ta daina ƙarya. Fada ya ce ta kawo shaida. Hukuma ta kira ta ofis. Kafin a ankara gari ya rabu biyu, wasu na durƙusawa, wasu na dariya.

Wannan labari ya faru a zahiri fiye da sau ɗaya, kuma takardun kotu da na 'yan sanda da na likitoci da suka rubuta shi suna nan har yau. Uku daga cikinsu ne suka fi shiga fim: na Joan 'yar ƙasar Faransa, na Bernadette ta garin Lourdes, da na yara uku na Fatima a ƙasar Fotugal. Duka ukun sun faru ne a cikin Ikkilisiyar Katolika, kuma mun san ikkilisiyoyi ba bakinsu ɗaya ba a kan matsayin Maryamu da na tsarkaka. Sai dai tambayar da ke cikin labaran ta kowane mai bi ce: idan mutum ya ce Allah ya nuna masa abu, me za mu yi da maganarsa? Bari mu bi tarihin, mu ga su wane ne suka yi shakka, me ya sa, da yadda fim ya sake musu kama.

Joan: bincike biyu, hukunci biyu

An haifi Joan wajen shekarar 1412 a ƙauyen Domrémy, lokacin da Faransa da Ingila suke cikin dogon yaƙin nan da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari. Ta ce tun tana da shekara goma sha uku take jin muryoyi, na Mika'ilu shugaban mala'iku da na wasu tsarkaka mata biyu, suna umartar ta ta je ta taimaki Charles mai jiran gadon sarautar Faransa. A 1429 ta isa gabansa. Charles bai ba ta sojoji nan take ba. Ya tura ta Poitiers, inda malaman tauhidi suka yi makonni suna yi mata tambayoyi, aka kuma bincika halinta da rayuwarta. Ba su ce lallai muryoyin daga Allah suke ba. Abin da suka ce shi ne ba su sami wani mugun abu a tare da ita ba, don haka a bar ta ta je Orléans, abin da zai faru a can ya zama shaida. A watan Mayu na shekarar aka karya ƙawanyar da Ingilawa suka yi wa birnin, a watan Yuli kuma aka naɗa Charles sarki a Reims.

A 1430 mutanen Burgundy suka kama ta a Compiègne suka sayar da ita ga Ingilawa. A 1431 aka yi mata shari'a a Rouen, a kotun coci, ƙarƙashin Bishop Pierre Cauchon, wanda yake ɓangaren Ingila. Nan ma malamai ne suka yi mata tambayoyi, amma an riga an san hukuncin da ake so, domin in aka ce muryoyinta na Shaiɗan ne, to sarautar Charles ma ta gurɓata. Suka riƙa haƙa mata rami. Sun tambaye ta ko ta tabbata tana cikin alherin Allah. Da ta ce i, za a ce ta yi girman kai, don koyarwar coci ita ce ba mai iya tabbatar da haka. Da ta ce a'a, ta kashe kanta da bakinta. Sai ta amsa cewa in ba ta ciki Allah ya sa ta, in kuwa tana ciki Allah ya riƙe ta. Ranar 30 ga Mayu, 1431, aka ƙone ta da rai tana da kimanin shekara goma sha tara. A 1456, bayan ƙarar da mahaifiyarta ta kai, wata kotun coci ta soke hukuncin. A 1920 aka sa ta cikin tsarkaka.

A 1928 wani darakta ɗan ƙasar Denmark, Carl Dreyer, ya yi fim marar magana mai suna The Passion of Joan of Arc. Takardun shari'ar ya ɗauka, ya matse watannin zuwa yini guda. Bai nuna mala'ika ba, bai nuna haske daga sama ba. Fuskoki kawai ya cika majigi da su, ba kwalliya: fuskar jaruma Renée Falconetti da hawaye, da fuskokin alƙalai suna raɗa da ƙifta ido. Mai kallo ba shi da abin da zai dogara a kai sai abin da alƙalan suke da shi, wato maganar yarinyar da yanayinta. An yi wa fim ɗin yanke-yanke a Faransa, an hana shi a Birtaniya, wuta kuma ta cinye asalinsa. Sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafinsa a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da birnin Oslo.

A 1999 Luc Besson ya yi nasa, The Messenger. Shi kuma ya shigar da shakkar cikin zuciyar Joan kanta. A kurkuku wani mutum, wanda Dustin Hoffman ya fito a matsayinsa, ya bayyana gare ta a matsayin lamirinta, yana tambayar ta ko takobin da ta tsinta a fili alama ce daga sama, yana jero mata hanyoyin da takobi zai iya faɗuwa a fili ba tare da hannun Allah ba. Tambayar tana da nauyi. Amma ku lura, a tarihi ba a fili aka tsinci takobin ba, a wani coci aka tono shi bisa kwatancenta. Haka kuma kisan yayarta a gaban idonta, wanda fim ɗin ya sa a farko don ya nuna ramuwa ce take tura ta, babu shi a takardun tarihi. Wato fim mai shakka ma yakan ƙara gishiri don maganarsa ta zauna.

Bernadette: fadan da ya ce a kawo suna

Shekara ɗari huɗu da 'yan kai bayan Joan, a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen, akwai wani ƙaramin gari, Lourdes. Nan aka haifi Bernadette Soubirous a 1844. Mahaifinta mai niƙa ne da ya karye, har iyalin suka koma zama a ɗaki guda na wani tsohon gidan yari da aka daina amfani da shi. Tana fama da asma, ba ta iya karatu ba, harshen yankinsu take ji, Faransancinta kaɗan ne.

Ranar 11 ga Fabrairu, 1858, ta fita neman itace da ƙanwarta da wata ƙawarsu. A bakin kogi, wajen wani kogo da ake kira Massabielle, ta ce ta ga wata budurwa cikin fararen tufafi. Sauran biyun ba su ga komai ba. Daga ranar zuwa 16 ga Yuli ta ce ta ga haka sau goma sha takwas. Abin lura, makonni da dama ba ta ce Maryamu ce ba. Da kalmar harshensu mai ma'anar "waccan" take kiranta. Jama'a ne suka riga ta raɗa suna.

Wadda ta fara hana ta zuwa kogon mahaifiyarta ce. Sannan kwamishinan 'yan sanda, Dominique Jacomet, ya zaunar da ita ya rubuta bayaninta, ya riƙa karanta mata da gangan yana canza wasu wurare don ya ga ko za ta ruɗe, ita kuwa tana gyara masa. Mai gabatar da ƙara na gwamnati, Vital Dutour, shi ma ya yi mata tambayoyi. An kawo likitoci uku su duba ko tana da taɓin hankali, ba su sami dalilin tsare ta ba. Ranar 25 ga Fabrairu, a gaban taro, ta tona ƙasa da hannu a cikin kogon, ta sha ruwan taɓo, ta shafa a fuska, har ta ci ganye. Da yawa suka watse suna cewa yarinyar ta zautu. Daga wurin da ta tona ne ruwa ya ci gaba da ɓuɓɓugowa. Hukuma ta sa masani ya gwada ruwan, ya ce ruwan sha ne kamar kowane.

Amma mai shakkar da ya fi kowa tsanani shi ne fadan garin, Dominique Peyramale. Ya hana limaman da ke ƙarƙashinsa zuwa kogon. Da Bernadette ta kawo masa saƙon cewa a gina ɗakin sujada a wurin, sai ya ce shi ba ya karɓar umarni daga wadda bai san sunanta ba. Ta faɗi sunanta, kuma ta sa itacen furen da ke bakin kogon ya yi fure a cikin sanyin hunturu. Furen bai fito ba. Sunan kuwa ya zo ranar 25 ga Maris, da kalmomin koyarwar da Fafaroma Pius na Tara ya ayyana a 1854, cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da tabon zunubin asali ba. Bernadette ta zo tana maimaita kalmomin a hanya don kada ta manta, kuma ta ce ba ta san ma'anarsu ba. Daga nan Peyramale ya fara sauyawa, har ya zama mai kare ta daga hukuma.

Gwamnati ta katange kogon a watan Yuni, aka buɗe a watan Oktoba da umarnin Sarki Napoleon na Uku. Bishop Laurence na Tarbes ya kafa kwamitin bincike, bai kuma ce komai ba sai ranar 18 ga Janairu, 1862, kusan shekara huɗu bayan fara lamarin. A tsakanin nan yara da manya da yawa sun taso a Lourdes suna cewa su ma sun ga wahayi, ba wanda aka karɓa a cikinsu. Abin da ya fi jan hankalin masu binciken game da Bernadette shi ne labarinta bai canza ba, kuma duk talaucin gidansu ta ƙi karɓar kuɗi ko kyauta daga baƙi. A 1866 ta shiga gidan sistoci a Nevers, ba ta sake komawa Lourdes ba. Ta rasu a 1879 tana da shekara talatin da biyar, bayan doguwar jinya. An sa ta cikin tsarkaka a 1933.

Binciken bai tsaya da rasuwarta ba. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a Lourdes da ke duba duk wanda ya ce ya warke. An kai rahoton warkarwa kimanin dubu bakwai, amma sai a 2018 adadin waɗanda coci ta amince da su a matsayin mu'ujiza ya kai 70.

Yadda labarin ya shiga fim shi ma tarihi ne. Franz Werfel marubuci ne Bayahude, haifaffen Prague, wanda ya gudu daga 'yan Nazi. A 1940, da Jamus ta mamaye Faransa, shi da matarsa suka ɓuya makonni a Lourdes. Ya yi alkawari in ya tsira zai rubuta labarin Bernadette. Suka haye duwatsu da ƙafa zuwa Sifen, daga nan Fotugal, sannan Amurka, kuma a 1941 littafin ya fito. Har ya rasu a 1945 ba a yi masa baftisma ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin 20th Century Fox ya mai da littafin fim, The Song of Bernadette, wanda Henry King ya ba da umarni. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta Oscar guda huɗu, ciki har da ta jarumarsa Jennifer Jones.

Fim ne mai taɓa zuciya, kuma ya bi tarihi a wurare da yawa. Sai dai ya yi abin da Dreyer ya ƙi yi: ya nuna wa mai kallo matar cikin haske. Da zarar ka gan ta da idonka, shari'a ta ƙare, gani ya kori ji, duk wanda ya yi shakka a fim ɗin ya zama makaho a wurinka. Sannan ya mai da Dutour mutum marar bangaskiya, wanda a ƙarshe ciwon maƙogwaro ya kama shi ya durƙusa a bakin kogon. Dutour na gaskiya Katolika ne mai zuwa coci, wanda kawai ya ɗauka yarinyar gane-gane take yi. Fim ɗin ya kuma kawo Peyramale bakin gadon mutuwar Bernadette, alhali ya riga ta rasuwa tun 1877.

Fatima: uwar da ba ta yarda ba

Sunan wannan gari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Daga Larabci ya samo asali, tun zamanin da Musulmi suka mulki yankin. A 1910 aka kifar da sarauta a Fotugal aka kafa jamhuriya mai tsananin adawa da coci. An kori ƙungiyoyin limamai, an ƙwace dukiyar coci, a 1911 aka yi dokar raba addini da gwamnati. A 1916 ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, samarin ƙauyuka suna tafiya fagen fama.

A cikin wannan hali, ranar 13 ga Mayu, 1917, yara uku makiyayan tumaki, Lucia dos Santos mai shekara goma da 'yan'uwanta Francisco da Jacinta Marto, waɗanda ba su kai ta shekaru ba, suka ce sun ga wata mata mai haske a wani fili da ake kira Cova da Iria, ta kuma ce su riƙa dawowa ranar 13 ga kowane wata har Oktoba. Ko a tsakaninsu abin bai zama iri ɗaya ba: Lucia ce mai magana da ita, Jacinta tana ji, Francisco kuwa ya ce yana gani amma ba ya jin komai.

Mahaifiyar Lucia, Maria Rosa, mace ce mai ibada wadda take koya wa yaran unguwa katikisim, kuma ba abin da ta tsana kamar ƙarya. Ta yi wa 'yarta faɗa, ta doke ta, ta kai ta gaban fada don ta janye maganar. Fadan ya saurara, ya ce abin yana iya zama yaudarar Shaiɗan, maganar da ta jefa Lucia cikin tsoro har ta so ta daina zuwa. Ga kuma taron jama'a da suka tattake gonar iyalin da ke filin, abincin gida ya ragu. Ranar 13 ga Agusta shugaban gundumar, Artur de Oliveira Santos, ya ɗauke yaran zuwa Ourém, ya tsare su, ya yi musu barazanar jefa su cikin tafasasshen mai ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya janye a cikinsu.

Ranar 13 ga Oktoba dubban mutane suka taru cikin ruwan sama, an fi kiyasta su da dubu saba'in, domin yaran sun ce za a ga alama. Da yawa suka ce sun ga rana tana juyawa, tana fitar da launuka, kamar za ta faɗo. Avelino de Almeida, ɗan jaridar O Século, jaridar da ba ta ga maciji da limamai, yana wurin kuma ya rubuta abin da taron ya ce ya gani. Amma akwai waɗanda suke filin ba su ga komai ba, cikinsu har da masu bi, kuma babu wata cibiyar nazarin taurari da ta ga rana ta motsa. Masu shakka suna cewa duk wanda ya ƙura wa rana ido zai ga launuka da rawa, balle taron da ya zo da tsammani. Masu yarda kuma suna tambaya yadda aka yi yara suka faɗi rana da lokaci tun watanni kafin nan.

Francisco ya rasu a 1919, Jacinta a 1920, a annobar murar da ta game duniya. Bishop na Leiria ya buɗe bincike a 1922, shekarar da wasu suka tarwatsa ƙaramin ɗakin sujadar wurin da nakiya, bai kuma amince ba sai a 1930. Lucia ta zama sista, ta rayu har 2005. Maganar da ta shahara game da ƙasar Rasha a rubuce-rubucenta na 1941 ta fito fili, shi ya sa wani malamin tauhidi ɗan Beljiyam, Fada Edouard Dhanis, ya ce a bambanta abin da yaran suka faɗa a 1917 da abin da aka rubuta bayan shekara ashirin da wani abu. Shi ma mai bi ne, kuma malami a cikin cocin.

A 1952 kamfanin Warner Bros ya fitar da The Miracle of Our Lady of Fatima. Lokacin Amurka da Tarayyar Sobiyet suna yaƙin cacar baka, don haka aka shafa wa jami'an Fotugal launin 'yan gurguzu, aka kuma ƙirƙiro wani mutum mai suna Hugo, abokin yaran, mashayi mai barkwanci marar bangaskiya, wanda zai tuba a ƙarshe. A 2020 Marco Pontecorvo ɗan Italiya ya yi nasa fim ɗin, Fatima. Shi ma ya ƙirƙiro mai shakka, wani farfesa da Harvey Keitel ya fito a matsayinsa, yana yi wa tsohuwa Lucia tambayoyi a gidan sistoci. Bambancin shi ne farfesan bai durƙusa a ƙarshe ba, sun rabu cikin mutunci kowa da ra'ayinsa. Fim ɗin ya kuma mayar da uwar tsakiyar labari, mace mai tsoron Allah da ke shan azaba don ta ɗauka 'yarta tana yi wa Allah ƙarya.

Abin da fim yakan bari

In muka jera labaran uku za mu ga abu ɗaya. A fim, shakka takan sa rigar jami'in gwamnati ko ta marar addini, domin labari yana son mugu da za a gane shi daga nesa. A tarihi kuwa, mafi yawan masu tambaya mutanen gida ne: uwa, fada, bishop, malamin tauhidi. Haka ya faru ko a nahiyarmu. A Kibeho ta Ruwanda, da ɗaliba Alphonsine Mumureke ta ce ta ga wahayi a 1981, wata ɗaliba, Marie-Claire Mukangango, ita ce kan gaba wajen tsangwamarta, kafin ita ma ta ce ta gani. Bishop bai amince ba sai a 2001, kuma mutum uku kaɗai ya karɓa cikin masu yawa da suka yi iƙirari. Koyarwar Katolika ita kanta ta ce ba a wajabta wa kowa yarda da irin wannan wahayi ba, ko da an amince da shi, domin ba ya ƙara komai a kan bisharar da aka riga aka bayar cikin Kristi. A 2024 ma fadar Fafaroma ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka ƙara tsananta taka-tsantsan.

Tarihin ya kuma nuna mana shakka iri biyu. Akwai ta Poitiers da ta Peyramale, mai tambaya don ta sani, mai jira, mai iya sauyawa in shaida ta zo. Akwai kuma ta Rouen da ta Ourém, wadda ta yanke hukunci tun kafin a zauna, tana neman hujja kawai, kuma makaminta tsoratarwa ne. Dukansu tambaya suke yi, wani lokaci ma tambaya iri ɗaya. Zuciyar mai tambayar ce ta bambanta su.

Darasi gare mu

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba. A Luka sura 24, manzanni da kansu sun ɗauki labarin matan da suka dawo daga kabari kamar tatsuniya. A Yohanna sura 20, Toma ya ƙi yarda sai ya gani, Ubangiji kuwa bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa, sannan ya sa albarka ga masu ba da gaskiya ba tare da gani ba. A 1 Sama'ila sura 3, sai da yaron ya zo wurin Eli sau uku kafin tsohon ya gane mai kiran. Manzo Yohanna, a wasiƙarsa ta fari sura 4, ya umarce mu mu gwada ruhohi saboda yawan annabawan ƙarya. Bulus kuma, a 1 Tasalonikawa sura 5, ya haɗa mana gargaɗi biyu wuri guda: kada a raina annabci, amma a gwada kome a riƙe mai kyau.

Yau ba sai mun je Lourdes ba. Kullum a Facebook da WhatsApp ana turo mana bidiyon wanda ya ce an nuna masa sama, ko ranar ƙarshen duniya, ko sunan mayyar da ta hana ka aiki ko aure. Irin wannan magana ta raba gidaje, ta sa marasa lafiya sun ajiye magani, ta jawo wa tsofaffi da yara ƙazafin maita. A ɗaya gefen kuma akwai abokan makaranta da ke ganin duk mai addu'a bai waye ba. Tambayoyin da aka yi wa Bernadette da yaran Fatima za su yi mana amfani a nan. Saƙon ya yi daidai da Maganar Allah? Wa yake ɗaukakawa, Kristi ko mai wahayin? Labarin yana nan yadda yake, ko kullum yana ƙara reshe? Wa yake cin riba, aljihun wa yake cika? Mai wahayin yana yarda dattawan ikkilisiya da likita su bincika shi, ko da an yi tambaya sai ya fara la'anta? Me abin ya haifar bayan shekara biyar, tuba da ƙauna ko tsoro da gaba? Ubangiji ya ce a Matiyu sura 7 da 'ya'yan itace ake gane itace, 'ya'ya kuwa ba sa nuna a yini ɗaya. Bishop na Tarbes ya jira kusan shekara huɗu, na Leiria goma sha uku, na Ruwanda ashirin. Mu kuwa sau da yawa ko minti ɗaya ba ma jira kafin mu tura wa wani.

In kuma ƙanwarka ce ko wani ɗan zumunta ya zo ya ce ya yi mafarki ko ya ji kira, ka tuna da Eli. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka kai shi kan bagade gobe da safe. Saurare shi, ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare, ku kai maganar wurin fasto ko fada, ku ba ta lokaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya kuwa ba ta tsoron tambaya.

Ku nemi waɗannan fina-finai ku kalla, ko a taron zumunta, akwai abin koyo a cikinsu. In an gama, ku tambayi juna: wane ne mai shakka a nan, haka yake a tarihi, kuma me daraktan ya nuna mana wanda mutanen wancan lokaci ba su gani ba?

Ubangiji ya ba mu zuciyar da ba ta raina aikin Ruhunsa, da hankalin da ba a ruɗinsa, ya kuma kafa bangaskiyarmu a kan Yesu Kristi. Amin.